Ranar da Bindigar Genesio Ta Yi Baya

A layin da Dalva take zaune, can gangaren Barreiro a gefen Belo Horizonte, babu macen da ake rige-rigen gaisarwa da sassafe kamarta. Ba wani kuɗi gare ta ba, wanki da guga take yi wa mutanen cikin gari. Mijinta ne dalili.

Genesio ma'aikaci ne a babban kantin bakin tasha, kuma shekara uku ke nan aikinsa guda ɗaya ne, canza farashi. Yana da wata 'yar na'urar hannu mai tofo ƙaramar takarda, wadda kowa ke kira bindiga. Da ita yake bin jerin kaya yana manna kuɗin yau a kan na jiya. Ƙat-ƙat, ƙat-ƙat, tun safe har yamma. Wani gwangwanin sai ka tarar da takarda shida a kansa, wata bisa wata, har ya yi tozo.

A shekarun nan kuɗi ba ya kwana a hannun mai hankali. Albashin da aka karɓa farkon wata, kafin a kai tsakiya ya narke, abin da zai sayi buhu ya koma na rabin buhu. Don haka ranar da kuɗi ya shigo ranar ake rabuwa da shi. Mata su faɗa kanti da gudu, su turo keken kaya su sha gaban mai bindiga, su wawashe abin da hannunsa bai kai ba tukuna. Wadda ta san inda zai fara ita ce ta ci riba.

Takardar sabon farashi da yamma take saukowa daga ofis, Genesio ya gani kafin a tashi. Da ya zauna gaban farantin shinkafa da wake, Dalva za ta jawo kujera.

"Gobe ina?"

"Ke dai ba kya bari mutum ya haɗiye loma. Kofi. Sai sukari."

Washegari kafin rana ta yi zafi duk layin ya sani. Abin haushin kuma, matan da ke yi wa Dalva kyautar ƙwai da ayaba su ne dai masu yi wa mijinta tsaki a kanti. Akwai tsohuwar da ta taɓa kwaɗa masa kabeji a ƙeya. Shi kuwa ƙato ne mai sanyin hali, sai dai ya dawo gida yana shafa gashin baki yana mita.

"Sai ka ce ni nake buga kuɗin. Can babban birni, Brasilia, injin gwamnati ba ya hutawa, takarda kawai yake amayarwa, ni kuma a nan nake shan zagi."

Ranar Alhamis ta ƙarshen watan Fabrairun 1986 ya dawo ba walwala. Ya ci abinci kansa a ƙasa.

"Gobe ina?" in ji Dalva.

"Duka."

"Duka me?"

"Duk kantin. Takardar shafi tara ce. Manaja, Seu Lauro, ya ce da asuba yake son ganinmu. Wai ya ji ƙishin-ƙishin gwamnati za ta yi wani abu. Kar ki gaya wa kowa, Dalva. Wannan karon da gaske nake."

Da safe da mata suka leƙo, ta ce musu yau bai faɗa ba. Suka tafi suna ƙunƙuni.

Hantsi ya ɗaga tana kan guga, rediyo na kan tagar kicin yana kiɗa, sai kiɗan ya yanke. Aka ce ga muhimmiyar sanarwa daga fadar shugaban ƙasa. Da farko ba ta ba shi hankali ba, don sanarwar gwamnati ba ta taɓa zuwa da alheri ba. Sai ta ji an ce daga yau babu cruzeiro, kuɗin da aka saba da shi, an yanke masa sifili uku, sabon kuɗi sunansa cruzado. An ɗan ƙara albashi. Sannan duk wani farashi a faɗin ƙasar an tsayar da shi cak a inda ya kwana jiya: shinkafa, nama, kuɗin mota, kuɗin haya, har aski. Kuma kowane ɗan ƙasa an ba shi ikon sa ido. Wanda aka kama yana ƙari, a kira hukuma, a rufe masa shago.

Sai da ƙaurin rigar wani likita ya bugi hancinta sannan ta tuna da dutsen guga. Ta ɗage shi ta yi waje.

Layin ya cika. Maza da singileti, mata da kumfar sabulu har gwiwar hannu, kowa na magana ba mai saurare. Wani ya fito da rediyonsa ya ɗora a kan katanga. Tsohon da ke gyaran takalma a kwana yana dariya har da hawaye.

"Jiya miloniya na kwanta! Yau na tashi da dubu ɗaya!"

"Kai da ba ka taɓa riƙe miliyan ba sai a mafarki!"

Daga ƙasan layi wata ƙara ta taso, ƙwal-ƙwal-ƙwal. Odete ce, maƙwabciyar Dalva kuma aminiyarta, gajeriyar bazawara mai muryar mutum uku, tana buga murfin tukunya da ludayi. Ta rungumo Dalva ta juya da ita.

"Kin ji? Kin ji, ƙawata? Ba sauran gudu! Ƙafafuna sun huta! Mijinki ma sai ya rataye bindigar nan tasa. Ina yake ne, mu yi masa ta'aziyya?"

"Yana kanti."

"Yana me a kanti, tunda an tsayar da komai?"

Dalva ta sha alwashin ba za ta faɗa ba. Amma murna ta riga ta cika mata ƙirji, sannan ga haushi ya taso ya haɗe da ita, don sai yanzu ta gane ma'anar shafi taran nan. Bakinta ya riga hankalinta.

"Tun asuba suke can suna ƙara wa komai kuɗi! Manajan ya sani tun jiya!"

Ta dafe baki. Ina, magana ta fita.

Sai Odete ta ɗaga ludayi sama.

"Jama'a, kun ji? Rediyo ya ce mu ne hukuma! Sai kanti!"

Kafin Dalva ta ce wani abu mutane sun yi gaba, wajen hamsin, kuma kowace ƙofa suka wuce sai an ƙaru. Tana tsaye sai hoton Genesio ya faɗo mata: yana tsakiyar kanti, bindiga a hannu, mutanen nan su auka masa. Wanda aka jefa da kabeji ranar da ba doka, yau da doka ta ba da izini me za a yi masa?

Ta kwasa da gudu. Ba ta bi titi ba, ta yanke ta lungun bayan coci inda matakala ke gangarawa har tasha. Shekararta arba'in da tara, amma shekara uku tana tsere da bindiga sun bar mata ƙafa. A tsakiyar matakala silifa ɗaya ta tsinke, ta yar da ɗayar ta ci gaba. Wani kare ya biyo ta da haushi, ya gaji ya koma.

Ƙofar ƙarfen kantin a ɗage take zuwa gwiwa kawai. Mai gadi ya tare ta.

"Dona Dalva, yau sai azahar za a buɗe, ana 'yan gyare-gyare."

"Na san gyaran," ta ce, ta sunkuya ta shige ta ƙasan hannunsa.

Ba sai ta nema ba, ƙarar ce ta kai ta. Ƙat-ƙat, ƙat-ƙat. Yana layin man girki, rigarsa ta jiƙe sharkaf, takardar farashi a soke a aljihu.

"Genesio! Ajiye abin nan!"

Ya juyo a firgice. "Me kike yi a nan ba takalmi?"

"Ba ka ji rediyo ba?"

"Mun ji mana. Shi ya sa Seu Lauro ya ce kafin azahar a gama. Ya ce wanda bai gama layinsa ba ya zo ya karɓi takardar sallama."

"Duk unguwa na tafe. Ka jefa shi bayan kwalaye ka fita ta baya."

"Wa ya gaya musu?"

Ta kau da kai.

"Dalva!"

"Ai sai ka bari mu tsira tukuna kafin ka yi mini faɗa!"

Ba su tsira ba. Ƙofar ƙarfe ta yi sama da ƙara kamar tsawa, mutane suka kwararo. Yanzu sun fi ɗari, har da direbobin tasha da fasinjojinsu. Odete na gaba. Suka karyo kwanar layin mai, ga Genesio tsaye, bindiga a hannu, wata sabuwar takarda na reto a bakinta.

"Ga shi nan! An kama shi dumu-dumu!"

Wani makanike mai baƙin mai a hannu ya ci kwalarsa. Wata ta kai masa duka da jaka. Genesio bai ko ɗaga hannu ba, ya dai runtse ido.

Dalva ba ta san lokacin da ta haye kan kwalayen mai ba. Ta fizge murfin tukunyar daga hannun Odete ta buga shi da gwangwani har sai da kowa ya waiwayo.

"Sake shi, malam! Ka san wanda ka riƙe? In kun fasa masa baki wa zai gaya muku kuɗin jiya? Ke Odete, man nan nawa yake jiya?"

Odete ta ce, "Dubu bakwai... ko takwas ne?"

"Kun gani? Ba wanda ya riƙe. Kullum canzawa yake, wa zai riƙe? A duk Barreiro mutum ɗaya ne ya san kuɗin kowane abu a kantin nan, kuma shi kuke shirin daka. Genesio, mai nawa jiya?"

Ya buɗe ido. "Dubu bakwai da ɗari takwas."

Makanikin ya ɗauki gwangwani. A sama an rubuta dubu tara da ɗari biyar. Ya sa farce ya ɓanɓare takardar a hankali, mutane suka miƙa wuya.

"Dubu bakwai da ɗari takwas," ya karanta. Ya saki kwalar.

"Sukari fa?" wata ta yi ihu daga baya.

Genesio ya faɗa. Aka ruga aka ɓanɓare, daidai. Garin rogo, daidai. Sabulun wanki, madarar gwangwani, ashana. Wani ya ɗauko man goge takalmi daga can ƙuryar da ba mai zuwa don ya kayar da shi, Genesio ya ce baƙin ko ruwan ƙasa, don kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Wurin ya ɓarke da dariya.

"To," in ji Dalva daga kan kwalaye, numfashinta na sama-sama. "Abin da ya hau ai yana sauka. Maida shi inda ka same shi."

Genesio ya ɗaga kai ya dubi tagar ofis a sama, inda Seu Lauro ke tsaye da waya a kunne. Ya matso kusa da matarsa ya rage murya.

"Dalva, aikina fa. Shekara goma sha ɗaya."

"Aikin ya mutu tun ɗazu, rediyo ya yi shelarsa. Ko ka yi ko ba ka yi ba, me za su yi da mai canza farashi? Gara ka fita kanka a sama, maigida."

Ya daɗe yana kallon bindigar. Sai ya sa babban yatsa ya murza lambobin, wannan karon baya. Ya ɗauki gwangwanin da ke hannun makanikin.

Ƙat.

Dubu bakwai da ɗari takwas.

Ihun da aka yi har tasha an ji. Tunda aka haifi yawancinsu ba su taɓa ganin farashi ya sauka ba. Genesio ya kama layin, mutane na biye da shi kamar ranar cin kofin ƙwallo, kowace ƙat sai an amsa da shewa. Hannunsa ya saki, ya dawo da saurinsa na kullum, har ya fi. Masu ɗauke da kaya suna miƙo masa ta sama da kawunan mutane. "Yi mini wannan, Seu Genesio!" Yau har da Seu, kiran girmamawa irin na manya. Tsohuwar nan mai kabeji ta kutso ta kamo kumatunsa biyu ta sumbace shi a goshi. Sauran ma'aikata biyu masu bindiga, da suka ɓuya a bayan buhunan wake, suka fito sumu-sumu suna tambayarsa kuɗin jiya. Wasu suka kama taken ƙasa, aka yi baitin farko da ƙarfi, na biyu ba wanda ya iya, aka koma na farko.

Seu Lauro ya sauko fuskarsa ja wur, ya ratsa mutane da ƙyar.

"Genesio! Ka san abin da kake yi kuwa?"

"Kuskure nake gyarawa, yallaɓai."

"Ku kuma kun san nawa masu kawo mana kaya suka ƙara jiya? In na sayar a haka, da me zan sayo wani? Ni ma aiko ni aka yi!"

Babu wanda ya saurare shi. Dalva ta ji maganar, ta ɗan tsaya mata a rai, amma hayaniya ta tafi da ita. 'Yan sanda biyu suka iso, ba a san wanda ya kira su ba. Sajan ya duba gwangwani uku, ya zaro takardar nan mai shafi tara daga aljihun Genesio ya karanta, ya ce wa manaja ya biyo shi ofis ya yi bayani. Da za su fita ya dawo da baya ya raɗa wa Genesio:

"Kofi nawa yake jiya? Uwargida ta aiko ni."

Aka fito waje. Odete ta ce ita za ta rufe kantin da hannunta, amma ko da ɗage ba ta kai ga ƙofar ba. Genesio ya ɗaga ta cak kamar buhun gari, ta kamo ƙarfen, suka sauko tare tana ihu:

"Da sunan matan Barreiro!"

Ranar Litinin aka sallame shi. Aka biya shi haƙƙinsa da sabon kuɗi, kuma abin mamaki, bayan mako biyu kuɗin na nan yadda yake. Dalva takan buɗe akwati ta leƙa kawai don ta tabbata.

Watannin da suka biyo baya, duk wanda ya gan su ba zai manta ba. Mutanen da nama sai Lahadi suka koma ci kullum. Aka yi ta shigo da firji da talabijin a bayan motocin haya. Jaridu suka buga jadawalin farashi, kowace mace ta yanke ta sa a jaka, Odete har da bajon masu sa ido mai kore da rawaya a ƙirji, ta zama abin tsoron masu shaguna tun daga tasha har kasuwa. Dalva ta lura da yadda ma'aikata ke saukowa daga mota da yamma da 'yan canji a aljihu suna neman abin taɓawa. Ta sa Genesio ya sayi rabin duro da waya da gawayi, suka kafa teburin tsire a bakin tasha. Yanka biyar a tsinke, a barbaɗa garin rogo, cruzado biyu, kamar yadda kowane mai tsire a tashar ke sayarwa tun kafin a tsayar da farashi. Shi yana gashi, ita tana miƙawa. Mutane na zuwa musamman don su ci daga hannun mutumin da ya mayar da bindiga baya. Kafin watan Mayu Dalva ta mayar wa likitoci kayan wankinsu ta ce su nemi wata.

Da sanyin ƙasar ya shigo a watan Yuli, nama ya fara ɓuya. Da farko sai an yi layi. Daga baya a yi layin tun da duhu a tashi ba komai. Madara ta bi, ƙwai ya bi. A babban kanti, da aka daɗe da sake buɗewa, rabin jerin kaya babu komai sai tsintsiya da bokitin roba. Mahaucinsu, Seu Nicanor, ya fara kiran Dalva ta ƙofar baya: akwai, amma sai ta ɗora rabin kuɗi a kan na jadawali, kuma ba rasit. Ta biya. Ta sake biya. Da ta ga suna gashi har yamma suna tashi da ƙaurin hayaƙi kawai, ta ce wa Genesio ya rage yanka ɗaya.

"Za a gane," ya ce.

"Wa ke ƙirga tsire?"

Kwana biyu aka yi. Rana ta uku ga Odete da bajonta, ta miƙa cruzado biyu, ta karɓi tsinke, ta kai baki, sai ta tsaya. Ta ɗaga shi sama ta bi shi da yatsa.

"Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Dalva! Ina na biyar?"

"Rage murya."

"In rage murya? Ni da na rufe kanti guda? Jama'a, ku zo ku ga..."

Dalva ta finciko ta bayan tebur ta toshe mata baki da tsinken. Ta zayyane mata komai, ƙofar baya da rabin kuɗi da rashin rasit. Odete ta tauna ta haɗiye, idonta ya kawo wuta.

"Nicanor? Wanda nake gaisarwa a coci? Cire wannan rigar aikin, mu je mu rufe shi."

Suka tafi. Seu Nicanor na zaune a ƙofar shago yana karanta jarida. Ya saurari Odete har ta kai aya, sannan ya miƙe ya buɗe musu ɗakin sanyi. Ƙugiyoyi ne jere, ba ko kitse.

"Rufe ni, Dona Odete, don Allah. Ga makulli. In je gida in huta. Masu shanu sun ce ba za su sayar a kuɗin watan Fabrairu ba, gara su bar su a makiyaya suna cin ciyawa. Wanda ya yarda ya sayar mini, ta bayan fage yake karɓar nasa. Ni a kan wa zan ɗora? Je ki rufe shanun in kin iya."

Odete ta juya ta bar masa makullinsa. Tunda Dalva ta san ta ba ta taɓa ganin haka ba. Suka fito suka zauna a bakin kwalbati, motoci na wucewa.

Can Odete ta doki cinyarta.

"Baltazar!"

"Wane ne haka?"

"Yayana na ƙauye mana. Kaji gare shi kamar ƙasa, ya hana 'yan sari, ya ce kuɗin jadawali ko dawarsu bai kai ba. Amma makon jiya matarsa ta aiko tana kuka, wai shagon ƙauyen wata guda babu man girki, babu sukari. Ke gwangwani nawa gare ki a ƙarƙashin gado?"

Dalva ta yi lissafi a ka. Kowace mace a layin tana da irin wannan ajiyar tun zamanin gudu, ba wadda ta yarda da rediyo har ta cinye tata.

"Sun kai talatin. Da sukari buhu biyu."

"Ni ina da ashirin. Amma ki ji da kyau, ƙawata, in na sa kayana na shiga sana'ar. Kashi uku za a riƙa rabawa."

Ranar Lahadi su uku suka hau motar farko, Genesio na nishi da buhuna. Baltazar ya ga mai ya kusa kuka. Aka yanka musu kaza aka dafa da kuɓewa da tuwon masara, aka yi ciniki a kan tebur, ba a ambaci cruzado ko sau ɗaya ba. Da la'asar suka tsaya bakin hanya da kwanduna huɗu, kaji arba'in da biyu, da alkawarin wasu kowane mako.

Kwandastan motar ya ce sai an biya wa kwanduna kuɗin kujera. Odete ta zaro jadawalinta ta miƙa masa har hanci.

"Nuna mini inda aka rubuta kuɗin motar kaza. Nuna mini, ɗan nan, in biya ka yanzu."

Ya duba bajon, ya duba fuskarta, ya matsa. A hanya wani zakara ya kuɓuce ya bi kan fasinjoji har wurin direba, aka tsaya aka kamo shi, motar duk gashi. Dalva ta yi dariya har cikinta ya ƙulle, Genesio na riƙe da kwando biyu a cinya yana ba kowa haƙuri.

Litinin da yamma ƙamshin kaza ya cika tasha, inda sauran masu tsire suka kwana uku ba su hura wuta ba. Tun kafin tsinken farko ya nuna layi ya kai bakin titi. Dalva ta ɗauki alli ta tsaya gaban allon, ta dubi Odete da ke daka yaji da tafarnuwa.

"Biyu zan rubuta?"

"Biyu na naman sa ne. Wa ya taɓa sayar da tsiren kaza a tashar nan ranar da aka tsayar da farashi?"

"Babu."

"Yana cikin jadawali?"

"Ba ya ciki."

Odete ta goge hannu a zani, ta leƙa tsawon layin, ta ɓalle bajon ta jefa a aljihu.

"Rubuta uku da rabi. Kuma ki yi sauri, mutane na jira."